Masu Kora Daga Baya

Na san kun daɗe kuna jin tsofaffin garinmu suna kirana Kaboyi, kuma na san abin da kuke rayawa a zuci. Ranar sunan ɗan 'yata Hadiza na ji ɗaya daga cikin jikokina tana raɗa wa 'yar'uwarta wai ai ni ɗan daba ne da can, shi ya sa ake kirana haka. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, amma da na koma ɗaki abin ya tsaya mini a rai. Ni da ko kaza aka ce in yanka sai na nemi mai riƙe mini ƙafafunta. To kafin ku gaji labarin da ba haka yake ba, gara in zauna in faɗa muku inda sunan ya fito. Ba a wurin faɗa na samo shi ba. A yawon neman fim na samo shi, shekarar da mahaifina ya sayar da shanunsa ya kwanta.

Ku da kuka tashi kuka tarar gidaje sun cinye gonaki daga Kano har kusan ƙofarmu, ba za ku gane yadda wurin yake a lokacin ba. Gona ce manne da gona tun daga bayan katangarmu har Gezawa, ba daji, ba fili, inda ta wani ta ƙare nan ta wani ta fara. Mai dabba a turke yake ajiye ta, ya ciyar da ita da harawa da karan dawa, don ba inda zai sake ta ba ta shiga haƙƙin maƙwabci ba. A haka Baba ya riƙe bijiman huɗa biyu, Goje da Duna, da saniya ɗaya da ya sa wa suna Amarya saboda yangar tafiyarta. Mahaifiyarsa Bafulatana ce, a rugar kawunnansa ya yi ƙuruciya, kuma har ya tsufa bai warke daga wannan ba. In zai kai su rafi shan ruwa ba ya ɗaukar bulala. Sai ya gicciya sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwansa a kanta, ya shiga gaba yana wani ɗan sauti da harshe, su kuwa su jero a bayansa. Inna takan ce ita da mu duk 'yan rakiya ne a gidan, masu gidan suna turke.

Sai aka yi fari. Damina ta zo ta wuce gero bai kai gwiwa ba, wadda ta biyo bayanta ma ba ta fi ta da komai ba. A kan farin kuma tsada ta hau, rediyo kullum yana cewa kowa ya tsuke bakin aljihu, mu da ko aljihun ba mu da shi. Rumbunmu ya ƙare, harawa ta ƙare, aka koma sassabo ganyen gawo, shi ma ya ƙare. Haƙarƙarin Goje ya fito ana iya ganinsa daga bakin zaure. Baba ya jure iya jurewa, har ranar da ya ga Inna tana kankare gindin tukunya tana zuba wa ƙannena, ita ba ta ci ba. Da ranar kasuwa ta zagayo ya kwance su duka uku, ya ce in zo in raka shi kara, inda ake cinikin shanu. Ya ce in yi gaba. Shi kuwa ya tsaya a bayansu da tsumagiya, abin da ban taɓa gani a hannunsa ba, haka har muka isa.

Mun dawo da hatsi, gida ya ci abinci, ban da shi. Ya shimfiɗa tabarma a zaure daidai inda ake hango turakun, ya zauna, zaman ya zama kwanciya. Ya daina zuwa majalisa, ya daina zuwa masallaci, salla ma a zaune yake yinta. In an kawo masa tuwo sai ya taɓa miyar da yatsa ya ture kwanon. An yi rubutu ya sha, an kawo saiwoyi, an sayo ƙwayoyi a kemis, mai duba marasa lafiya ya zo ya ce bai ga cuta ba. Mutum ne kawai yake narkewa a gabanmu. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a madafa inda take tsammanin ba ma ji. Kowa a gidan ya san abin da ake tsoro: in ruwan farko ya sauka bai tashi ba, to ba zai ƙara tashi ba.

Ni kuwa a lokacin ƙafata ƙaiƙayi take yi. Ina da ƙarfi, ba ni da aikin yi, garin ya yi mini kaɗan. In na zauna a gida sai in ji kamar in fita, in na fita sai in rasa inda zan nufa, in zaga gari in dawo. Abokina Ɗanlami, wanda muka tashi tare, ya riga ya bi motar goro zuwa Kurmi, can kudancin ƙasa, ya dawo hutu da takalmi sau-ciki da agogo, yana magana yana duba shi. Ya ce ya yi mini magana wajen ubangidansa, akwai gurbin karen mota, in na yi haƙuri in koyi tuƙi. Motar za ta biyo ta nan kafin damina ta ɗauke mu. Na amsa tun bai rufe baki ba. Na haɗa 'yan kayana a jaka na ɓoye a cikin rumbu, don na san ba wanda yake da dalilin leƙa shi.

Abin da ya riƙe ni kafin zuwan motar shi ne kayan kallon Kawu Sabo, ƙanen Inna. Direba ne a wani kamfani a birni, lokacin da abubuwa ke tafiya ya sayi bidiyo da talabijin da ɗan ƙaramin injin wuta. Da aka rage ma'aikata ya kwaso su ya kawo ƙauye, ya buɗe gidan kallo a wani tsohon shago da ke jingine da zaurenmu. Bai jima ba zaman ƙauye ya ishe shi, ya koma birni neman aiki ya bar mini kayan. Bayan la'asar muke kunnawa mu tashi kafin magariba, don sharaɗin da liman ya gindaya ke nan, kuma man injin ma ba zai kai mu fiye da nan ba. Mu toshe taga da buhu, mutane su cika benci, wani ya biya da gyaɗa, wani da ƙwai, wani da alkawari. Da yake na ɗan taɓa makaranta, ni ne mai fassara. In tsaya gefen talabijin, abin da na ji in faɗa, abin da ban ji ba in ƙirƙira. Na sha aurar da mutanen da a fim ɗin wa da ƙanwa ne, kuma ba wanda ya taɓa kama ni.

Wata rana na karɓo hayar kaset a birni, kwalinsa na fim ɗin Indiya, na zo na saka sai ga wasu Turawa da manyan huluna a kan dawaki. An yi kuskuren kwali. Mutane suka fara guna-guni, don rawa da waƙa suka zo gani. Ina shirin cirewa sai hoton ya buɗe a kan wani fili, ga shanu ba iyaka, jajaye da roɗi-roɗi, suna gangarowa daga tudu, kukansu ya cika shagon har buhun taga yana rawa. Ban san sautin yana ratsa bango haka ba. Can sai haske ya shigo ta ƙofa, muka waiwaya, sai ga Baba dafe da bango, zaninsa yana neman zamewa. Mutumin da ko bayan gida sai an riƙa shi. Aka tashi aka ba shi wuri a gaba. Ya zauna bai dubi kowa ba, idonsa a kan shanun, leɓensa yana motsi. Ni ma na manta da fassara, kuma ba wanda ya nema.

Ba mu kai rabi ba bidiyo ta cinye kaset ɗin, don tsoho ne ya gaji. Amma da magariba muna tsakar gida muka ji muryarsa daga zaure yana tambaya ko akwai sauran kunu. Inna ta kusa faɗawa murhu wajen sauri. Da ta dawo da ƙwarya ba komai a ciki, ta kama hannuna ta ja ni gefe.

"Isiyaku, ban san mene ne a cikin akwatin nan naku ba, kuma ba na son in sani. Ka je ka nemo masa irinsa."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na hau keken Baba da sassafe na miƙi hanyar Kano, ina jin daɗi ma na sami dalilin barin gari. Na shiga shagon farko a Fagge na ce kaboyi nake so, mai kyau. Mai shagon ya ce na zo daidai, akwai na zamani sabon fitowa, ya miƙo mini. Na koma gida ina fito, na yi shela, shago ya cika, aka riƙo Baba aka zaunar. Fim ya fara da mota tana bin mota, ya ci gaba da mota tana ƙonewa, ya ƙare da akta ya jefo bos daga saman bene. Ko akuya babu. Ashe a bakin 'yan birni duk fim ɗin da ake harbi a ciki kaboyi ne. Samari sun ji daɗi har da tafi. Baba ya zauna ya jira, ya jira, sannan ya miƙa hannu a tashe shi, kuma ranar bai sha kunu ba.

Daga nan na shiga yawo. Fagge, Sabon Gari, bakin kasuwa, lungunan da ban taɓa sanin akwai su ba. Na koyi cewa dole in ce mai huluna da dawaki. Aka ba ni mai huluna da dawaki, muka kalla tun daga farko har ƙarshe, saniyar da ta fito a ciki ɗaya ce, ita ma ƙoƙon kanta ne a yashe cikin rairayi. Aka ba ni wani, shi kuma ana cikin tafiya sai ga wata mata ta fito da shigar da ba ta shiga ba, ƙanen liman yana zaune a benci na biyu. Na yi tsalle na rufe talabijin da rigata ina cewa wannan wurin addu'a suke yi, ba a so a gani. Ba wanda ya yarda, kuma sai da Inna ta aika wa liman da ban-haƙuri. Kowane kaset na kawo Baba zai lallaɓo ya zauna, ya ba shi lokaci, in bai ji kukan shanu ba ya koma tabarmarsa. Ni kuma in kwana ina juyi, rabin hankalina a kan inda zan gwada gobe, rabi a kan jakar da ke cikin rumbu.

A Sabon Gari akwai wani mai shagon kaset, Bala, gajere mai yawan dariya, wanda na fi damu da zuwa. Ranar da na mayar masa da na uku ko na huɗu na ce shi ma babu shanu, ya ajiye abin da yake yi ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, tsakaninka da Allah, fim kake nema ko nono?"

Na ba shi labarin Baba. Dariyar ta tsaya. Ya ce matsalar ita ce masu yin fim ɗin sun waye, na yanzu sun bar shanu sun riƙe bindiga, tsofaffin masu shanun kuwa duk sun goge, in an saka sai ruwan hoto. Amma ya ce in ba shi lokaci zai tambaya. Tun daga ranar, da na jingine keke sai yaran layin su ɗauka: ga Kaboyi mai shanu ya zo. Wani mutumin garinmu da ke kai takin birni a jaki ya ji, ya ɗauko sunan ya kawo gida tare da takin. Da tafiya ta yi tafiya aka yar da shanun aka bar mini Kaboyin. To kun ji dabar da na yi.

Bala bai yi ƙarya ba. Wata rana ina isa ya jawo wani kaset daga ƙarƙashin kanta, ya ce wannan sabo ne, hotonsa garau, kuma shanu ne daga farko har ƙarshe. Ya saka mini a shagon muka bi shi da sauri-sauri. Labarin wani dattijo ne da yaransa, suka taso garke daga ƙasar da ta bushe, suka ratsa kogi da duwatsu da ɓarayi. Na ji kamar in rungume Bala. Sai muka zo ƙarshe. Suka iso wani gari mai tashar jirgin ƙasa, wani mai kwat ya fito ya zaga shanun yana latsa su, ya ba dattijon hannu, aka shiga tura su cikin taragu suna turjewa. Ban bari ya ƙarasa ba, na ce ya kashe. Abin da na gani a kara ne sak, illa dai wannan da jirgi. A kan keke ina komawa na yanke shawara cewa Baba zai ga komai ban da wannan.

Haka aka yi. Fim ya karɓu, Baba ya zauna a gaba kamar wanda aka dasa. Da suka haye kogi na ƙarshe, rufin garin ya fara bayyana daga nesa, sai na sulale na zagaya bayan shago na murɗe makunnin injin. Na dawo ina tafa hannu ina cewa mai ya ƙare. Washegari muka faro daga farko, mai ya sake ƙarewa a daidai wurin. Mutane suka yi ta mita, suka sa masa suna fim marar gindi, wasu suka ce su za su kawo man, na ce injin ne ba ya son zafi. Samari suka gaji suka daina zuwa, aka bar tsofaffi da masu neman inuwa. Ban damu ba, don Baba yana cin tuwo. Ya ma tsinci wata jar saniya a gefen garken mai tafiyar yanga ya ce ga Amarya, kullum sai ya nuna ta, kullum sai mun yi kamar yau muka fara gani.

Sai dai abin ya tsaya a nan. Baba yana rayuwa daga la'asar zuwa magariba, sauran yinin yana kan tabarma yana jiran la'asar. Zafin bazara ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa, maƙwabta suna ta sharar gona da kai taki, wasu har sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa. Namu sungumin yana rataye, gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsa. In na yi masa zancen gona sai ya ce to, ya juya fuska bango. Inna ta ce na tashe shi daga tabarma na ɗora shi a benci, amma benci ba ya fitar da gero. Na ji haushin maganar don gaskiya ce.

Ana cikin haka Ɗanlami ya aiko cewa mota za ta biyo ranar kasuwa da safe, in tsaya a bakin titi. Na same shi na roƙe shi ya ce wa ubangidansa a ƙara mini ko zuwa tafiya ta gaba. Ya ce masu neman gurbin sun fi gashin kansa yawa, in ban hau wannan ba wani zai hau. Na dawo gida na rasa inda zan sa kaina. Na je rafi na dawo, na je bakin titi na dawo, na kwance sarƙar keke na mayar ba abin da ya same ta. Ana gobe tafiya na hau rumbu in ɗauko jakata, sai na ji ta yi nauyi. Na buɗe, ga ƙullin ƙuli-ƙuli da ɗan garin yaji a tsumma, ɗaurin Inna ne, ko a mafarki na san shi. Na sauko na same ta tana tankaɗe, na tsaya a kanta da jakar a hannu. Ba ta ɗago ba.

"Ban hana ka ba, Isiyaku. Namiji ba ya zama haka. Abu ɗaya nake tambaya: in ka tafi, wa zai riƙa kashe masa injin?"

Na ce wane injin, mai ne yake ƙarewa.

"Bangon madafa da bayan shagonku ɗaya ne. Ina jin man yana kaɗawa in ka jawo shi ciki."

Ban tafi ba. Ba zan ce muku na zauna da farin ciki ba, don ƙarya ne. Da safe ina kwance na ji motar ta tsaya a bakin titi, ta yi oda, ta jira, ta sake yi, sannan na ji ta ja. Yinin nan na zaga gonakin mutane har ƙafata ta yi bororo, ina jin haushin Baba, da shanu, da Turawan da suka yi fim ɗin, da Kawu Sabo da ya kawo kayan. Da la'asar na dawo na tayar da injin kamar mai faɗa da shi. Mutanen ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na ƙi yin fassara, na zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba na bar Turawan suna ta turancinsu.

Suka haye kogi, rufin garin ya bayyana, na yunƙura zan tashi. Sai na ji hannu ya riƙe mini wuyan riga, riƙo mai ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Zauna. Akwai mai."

Na zauna. Mai kwat ya fito ya latsa shanun, aka yi musafaha, aka shiga tura su tarago. Jar saniyar ta turje, aka doke ta, ta shiga. Ni ban kalli talabijin ba, fuskar Baba nake kallo, ina jiran abin da na daɗe ina gudu. Bai motsa ba. Sai fim ya wuce inda na tsayar da Bala, wurin da ni kaina ban taɓa gani ba. Jirgi ya tashi, dattijon ya tsaya shi kaɗai a tashar, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji har ƙarar ta ɓace. Sannan ya mayar da hular, ya hau dokinsa, ya juya ya kama hanyar da ya fito. A nan rubutu ya fara hawa. Sauran mutane suka watse suna cewa ashe dai yana da gindi, aka bar ni da shi.

Na ce masa ya yi haƙuri, ban so ya gani ba.

"Tun ranar farko na san inda za su," in ji shi. "Ba ka ga yadda suke tafiya da su ba? Mai kai shanu kiwo gaba yake shiga, su biyo shi. In ka ga mutum yana kora daga baya, kasuwa zai kai su. Ai ka gani da idonka ranar da ka raka ni."

Na tambaye shi to me yake zuwa kallo kullum, tunda ya sani.

"Mutumin nake jira. Ina so in ga yadda zai yi bayan nan." Ya shafa gwiwarsa. "Ashe hawa doki ake yi a koma gida."

Can ya tambaye ni ko motar su Ɗanlami ce ya ji da safe. Na ce ita ce. Ya sunkuyar da kai. A raina kuwa lissafi nake yi mai ɗaci. Abin da na yi ta kashe inji ina ɓoye masa, shi ne abin da yake fitowa nema kullum. Da na bar kaset ɗin ya ƙare tun ranar da na kawo shi, wataƙila da yanzu ina bayan motar goro ina kallon garuruwa suna wucewa. Kun san Alhaji Ɗanlami, kun san motocinsa, kun sha cin goron da yake aiko mini. Ni kuwa Kurmi har yau a bakin mutane nake jinta. Akwai shekarun da in na ji odar babbar mota sai abinci ya fita raina, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan 'yan kwanaki ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ƙasa ke ƙamshi. Da gari ya waye na fito na tarar da Baba a tsaye a tsakar gida, ya sauko da sungumi yana share masa saƙar gizo-gizo da gefen zaninsa. Inna tana bakin madafa riƙe da ƙwaryar iri, ta miƙo mini. Ba bijimai, ba garma, da hannu za mu yi kamar kowa. Muka fito ta zaure, ya wuce turakun bai tsaya ba. Tafiyarsa a hankali take, ƙafafun sun manta hanya, ni kuma ina biye da shi a baya kamar yadda ɗa ke bin ubansa, ina ɗan cewa Baba a hankali, Baba ga kwata nan, Baba mu bi ta nan. Da muka kai bakin gonar farko ya tsaya ya juyo, ya dube ni, na ga ɗan murmushi a gefen bakinsa, abin da na kwana biyu ban gani ba.

"Kai, kara za ka kai ni? Shiga gaba."

Na ce ai ba daidai ba ne in wuce gabansa. Ya ce shi ya ce. Na ɗora ƙwaryar iri a ka na shiga gaba, ban waiwaya ba, ina jin takunsa a bayana cikin danshi har muka isa gona.